Darasi na 9: Mai Shafi Ya Riƙe Mabuɗin Shafinsa

Akwai wata makarantar yamma ta matan aure da na taɓa koyarwa a cikinta. Wani saurayi ɗan unguwa, mai ladabi da hazaƙa, ya gina mata shafin intanet, kuma kowa ya gani ya yaba. Bayan 'yan watanni kuɗin fom ya ƙaru, ranar fara rajista ma ta matsa gaba. Shugabar makarantar ta buga masa waya ina zaune a ofishinta.

"Ɗana, don Allah a gyara mana shafin nan. Layi biyu ne kacal."

"Wallahi Hajiya ina sansanin bautar ƙasa, kuma kwamfutata na gida. Ki yi mini haƙuri sai na dawo."

Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma raini ba ne. Amma mako uku aka yi mazaje suna kawo matansu da tsohon kuɗi a hannu, a ranar da ba ita ba, suna nuna wa mai gadi abin da suka karanta a waya. Hajiya ta iya karatu da rubutu, tana tura saƙon WhatsApp fiye da ashirin a wuni, amma layi biyu a shafin makarantarta sun gagare ta. Wannan darasi an rubuta shi ne domin irin Hajiya. In kun kammala shi, za ku san yadda manhaja irin WordPress ke aiki, ku iya wallafa sanarwa da hannunku, ku kuma san abin da za ku karɓa daga wanda ya gina muku shafi kafin ku sallame shi.

Allon fenti da allon alli

Shafin makarantar nan an gina shi ne a tsohuwar hanya. Kowane feji fayil ne mai zaman kansa, an rubuta shi da harshen HTML, inda kalmomin da mai karatu zai gani suke cakuɗe da alamomin da ke gaya wa burauza girman rubutu da launinsa da mazauninsa. Wanda zai gyara sai ya buɗe fayil ɗin, ya lalubo layin a tsakiyar alamomi, ya canza shi ba tare da ya goge ko baka ɗaya ba, sannan ya tura fayil ɗin zuwa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin dare da rana. In lambar waya tana ƙasan feji talatin, to sau talatin za a yi wannan aiki.

Ku tuna allon da mai fenti ke rubuta wa shago. Yana da kyau, amma ranar da aka canza lambar waya sai an nemo mai fentin da gwangwaninsa. Allon aji kuwa kafinta ne ya haɗa shi sau ɗaya, daga nan duk mai alli a hannu zai rubuta ya goge. Abin da muke nema shi ne shafin da gwani zai haɗa sau ɗaya, ya miƙa wa mai shi alli.

Tun asali ma haka aka nufa. Burauzar farko da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar bincike ta CERN a 1990 tana karanta feji, tana kuma gyara shi. Waɗanda suka biyo baya ne suka ɗauki karatun suka bar rubutun.

Yadda kayan marubuta ya zama kayan kowa

Maganin bai fito daga manyan kamfanoni ba. A ƙarshen shekarun 1990 wasu mutane sun fara rubuta abin da ke ransu kullum a intanet, sabon rubutu a sama, tsoho a ƙasa. Mai rubutu kullum ba zai jure wahalar fayil da alamomi ba, don haka aka ƙirƙiro musu manhajoji: Blogger a 1999, wadda Google ya saya a 2003, sai Movable Type a 2001. Akwai kuma wata ƙarama mai suna b2, ta wani Bafaranshe, Michel Valdrighi. Da ya daina kula da ita na wani lokaci, sai mutum biyu daga cikin masu amfani da ita suka ɗora daga inda ya tsaya: Matt Mullenweg, ɗalibi ɗan shekara 19 a birnin Houston na Amurka, da Mike Little a Ingila. Ranar 27 ga Mayu 2003 suka fitar da abin da suka kira WordPress.

Sun sami damar yin haka ne saboda lasisin da b2 ke ɗauke da shi, wanda ake kira GPL. Sharaɗinsa shi ne kowa na iya ɗauka, ya yi amfani, ya gyara, ya raba, muddin wanda ya karɓa daga hannunsa shi ma zai sami wannan 'yanci. WordPress ta gaji lasisin, shi ya sa har yau ba a sayen ita kanta manhajar. A 2004 masu Movable Type suka canza tsarin biyan kuɗinsu, marubuta da yawa suka yi ƙaura zuwa WordPress.

Abin da ya fi shafar darasinmu ya faru ne a Fabrairun 2005. A fitowa ta 1.5 aka ƙara abu biyu: damar yin feji tsayayye wanda ba ya bin jerin kwanan wata, da damar canza kamannin shafi gaba ɗaya ba tare da an taɓa rubutun ciki ba. Nan masu gina shafuka suka farga. In marubucin da bai san HTML ba yana wallafa rubutunsa da kansa, me zai hana mai kemis, ko sakataren ƙungiya, ko shugabar makaranta? Suka fara gina wa abokan cinikinsu shafi a kan manhajar marubuta, su koya musu shiga, su koma gefe. Yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kan WordPress suke. Akwai wasu masu irin wannan aiki, kamar Drupal da Joomla, kuma in kun fahimci ɗaya sauran ba za su yi muku wuya ba.

Rumbu da riga

Sirrin duka shi ne an raba abin da ake faɗa da yadda ake nuna shi. Duk abin da kuka rubuta yana shiga ma'ajiyar bayanai, wadda za mu kira rumbu. Can kanun labari yake, da jikinsa, da ranar da aka rubuta, da sunan wanda ya rubuta, kowanne a gurbinsa. Launi da tsarin feji da irin haruffa kuwa suna cikin abin da masu sana'ar ke kira tim, mu kuma za mu ce riga. Idan baƙo ya buɗe shafinku a wayarsa, a wannan daƙiƙar manhajar ke zuwa rumbu ta ɗebo rubutun, ta sa masa riga, ta miƙa masa.

Amfanin wannan rabo biyu ne. Ku kuna aiki da rumbu, don haka kuskurenku na rubutu ba zai rushe tsarin shafi ba. Sannan abin da ke maimaituwa a kowane feji, kamar adireshi da lambar waya a ƙasa, wuri ɗaya ake ajiye shi. A gyara sau ɗaya, ya gyaru ko'ina. In an gaji da rigar bayan shekara uku a canza wata, rubutun yana nan yadda yake.

Rubutun da ke rumbun iri biyu ne, kuma a nan sababbin hannu suka fi ruɗewa, don haka ku natsu. Akwai feji, akwai fos. Feji na abin da ba ya tsufa da wuri ne: tarihin makaranta, kwatancen wurinta, darussan da ake koyarwa, yadda za a tuntuɓe ku. Fos na abin da ke da rana ne: an buɗe rajista, za a yi walimar sauka ran Asabar, sabon kaya ya iso. Fos yana ɗauke da kwanan wata, sabo yana ture tsoho ƙasa, kuma ana iya kasa shi rukuni-rukuni, a ce sanarwa, labarai, hotunan taro. Kafin ku rubuta komai ku tambayi kanku: wanda ya karanta wannan baɗi war haka, zai amfane shi ko zai ɓatar da shi? In zai amfane shi, feji ne. In zai ɓatar da shi sai ya ga kwanan wata, fos ne. Na sha ganin shafin da aka zuba jadawalin kuɗin makaranta a fos, bayan wata biyu ya nutse ƙarƙashin hotunan wasan yara, iyaye suna nema ba su gani.

Wa zai riƙe wane mabuɗi

WordPress na ba da matsayi biyar ga masu shiga. Na sama shi ne admin, mai iko da komai: ya canza riga, ya ƙara kayan aiki, ya shigo da mutum ko ya kore shi, har ya rushe shafin in ya yi ganganci. Edita yana rubutawa, yana wallafawa, yana gyara ko goge rubutun kowa, amma ba ya isa ga riga ko saitin shafi. Marubuci yana wallafa nasa kaɗai, ba ya taɓa na wani. Mai ba da gudummawa yana rubutawa ya ajiye, sai wani na sama ya duba ya wallafa, kuma ba ya iya ɗora hoto. Na ƙarshe mai rajista ne kawai, ba ya rubuta komai.

A makaranta irin ta Hajiya, sai a ba sakatare matsayin edita, malaman aji su zama masu ba da gudummawa. Malama ta rubuta labarin ajinta, sakatare ya duba ya saki. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Kada mutum biyar su yi tarayya a mabuɗi ɗaya, domin ranar da aka wallafa abin da bai dace ba, ba wanda zai san hannun wa ne, kuma ranar da ɗaya ya bar aiki sai an canza wa kowa.

Masu gina shafuka da dama sukan ba mai shafi matsayin edita su riƙe admin, suna cewa gudun kada ya ɓata wani abu. Tsoronsu yana da tushe, amma ban yarda da maganinsu ba. Shawarata ita ce mai shafi ya mallaki mabuɗi biyu. Na edita shi zai riƙa shiga da shi kullum. Na admin kuwa a rubuta shi a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun fili, ba a ɗauko shi sai da dalili. Gwanin ya riƙe nasa admin ɗin daban da sunansa, wanda za a iya cirewa in an rabu. Magini yakan riƙe mabuɗi yayin da yake aiki, amma ba a taɓa jin ya gama gida ya tafi da na ƙofar gaba ba.

Mu wallafa sanarwar farko

Ku buɗe burauza, ku rubuta adireshin shafinku, ku ƙara /wp-admin a ƙarshensa. Za a tambaye ku suna da kalmar sirri. Da kun shiga za ku ga dashbod, wato ɗakin aiki wanda baƙi ba sa gani, da jerin zaɓuɓɓuka a hagu cikin baƙin sashe. Ku zaɓi fos, ku nemi sabo.

Farin fili zai buɗe. Layin sama na kanu ne. Ku rubuta abin da mutum zai gane ko bai karanta sauran ba. "Sanarwa" ba kanu ba ne. "An ɗage rajistar sababbin ɗalibai zuwa Litinin" shi ne kanu. A ƙasa ku rubuta bayanin, muhimmin abu a jimlar farko, domin mai karatu a waya yake, wataƙila a cikin a-daidaita-sahu. Tun Disambar 2018, da fitowa ta 5.0, rubutun yana tafiya ne tubali-tubali: kowane sakin layi tubali ne, hoto tubali ne, ana iya ɗaga ɗaya sama ko a saukar da shi ba tare da an taɓa sauran ba. Alamar tarawa da kuke gani ita ke kawo sabon tubali.

Ku rubuta Hausarku da haruffanta. Manhajar tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ ba tare da matsala ba, kuma madannin Gboard na waya yana da Hausa, sai dai ku ƙara ta a saiti. Bambancin ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki, ya isa dalilin ɗaukar wannan 'yar wahala. Wuri ɗaya ne nake ba da shawarar a bar masu lanƙwasa: guntun adireshin da manhajar ke ƙirƙira wa kowane fos daga kanunsa. In akwai su a ciki, sau da yawa idan aka kwafa zuwa WhatsApp sai ya rikiɗe ya zama dogon layi cike da lambobi da alamar kashi cikin ɗari. Ku gajarta shi da hannu, kalma uku ko huɗu da haruffa marasa lanƙwasa.

Hoto kuma a yi masa hankali. Wanda wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar, kuma datar mai karatu ce za ta biya. Ku rage girmansa kafin ku ɗora. Akwai gurbin da ake rubuta bayanin abin da ke cikin hoto. Ku cike shi da jimla ɗaya, domin shi manhajar makafi ke karanta musu. In hoton ɗalibai ne, musamman mata da yara, a nemi izini tukuna.

Yanzu ku dubi kusurwar dama ta sama. Akwai wurin ajiye rubutu a matsayin daftari, wanda baƙi ba sa gani. Akwai wurin leƙa yadda zai fito kafin a sake shi. Sai shuɗin maɓalli na wallafawa. Ku ajiye, ku leƙa, ku karanta da ƙarfi sau ɗaya, ku tabbatar da rana da adadin kuɗi, sannan ku danna shuɗin. Ana kuma iya sa masa ranar da zai fito da kansa, misali gaisuwar sallah da aka rubuta tun ana azumi.

Na lura hannun manya yakan yi rawa a kan wannan maɓalli. Wani dattijo a ajinmu ya ɗora yatsa ya janye har sau uku, ya ce, "Malam, in na ɓata fa?" Amsar da na ba shi ita zan ba ku. Manhajar tana adana tsofaffin kwafin rubutu duk lokacin da aka ajiye gyara, ana iya komawa ga na jiya. Abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Kuma edita ba ya isa ga riga ko saitin shafi ko da ya so. Dattijon ya danna, ya buɗe wayarsa ya ga sanarwar ƙungiyarsu ta manoma a sama, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce ya karanta masa, ko da yake shi ya rubuta.

Abin da manhaja ba za ta yi muku ba

Shafi yana tsaye ne a kan haya biyu. Ta farko ita ce sunan shafi, wato domen, wanda ake sabuntawa duk shekara. Masu ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA a Najeriya, .ne na Nijar ne, .gh na Ghana. Ta biyu ita ce hostin, hayar wuri a sabar. In wa'adin domen ya cika ba a biya ba, shafin zai ɗauke, in aka daɗe kuma wani na iya yin rajistar sunan ya zama nasa. Saƙon tunatarwa yana zuwa ne ga imel ɗin da aka yi rajista da shi. Saboda haka ku tabbata da sunanku ko na ƙungiyarku aka yi, da imel ɗin da kuke buɗewa. Wannan ya fi duk abin da ke cikin darasin nan muhimmanci, domin rubutu in ya ɓata ana sake shi, suna in ya kuɓuce da wuya ya dawo.

Ku kuma san cewa abu biyu ne ke amsa sunan WordPress. Akwai manhajar kyauta da ake saukewa daga WordPress.org a ɗora a hostin ɗin da mutum ya zaɓa. Akwai WordPress.com, sabis na kamfanin Automattic da Mullenweg ya kafa a 2005, inda su ke riƙe da sabar. Ku tambayi gwaninku a kan wanne ya ɗora ku.

Sai batun fulogin, ƙananan manhajoji da ake liƙa wa shafi don ƙarin aiki, kamar fom ɗin tuntuɓa ko kantin sayar da kaya. Akwai dubun-dubatarsu kyauta, kuma kwaɗayinsu yana kama sabon admin. Yawancin ɓarakar tsaro da ake ganowa a shafukan WordPress ta cikinsu take, musamman waɗanda aka bari ba sabuntawa. Tun 2013 manhajar ke sabunta kanta a kan ƙananan gyare-gyaren tsaro, amma fulogin da riga suna buƙatar mai sa ido. Kada ku karɓi riga ko fulogin na kuɗi da wani ya ce ya samo muku a ɓagas, sau da yawa da ƙofar ɓarawo a ɗinke a ciki. Wannan ɓangare, tare da ajiye kwafin shafin gaba ɗaya a wani wuri daban, aikin gwani ne, kuma ya cancanci a biya shi a kansa. Ku yi yarjejeniya a rubuce: sau nawa zai duba, nawa ne ladansa, ina kwafin yake. Rabon aikin ke nan. Shi ya kula da rufi da wayar lantarki, ku ku kula da abin da ake faɗa da sunanku, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, ai muna da Facebook, me ya kai mu wannan ɗawainiya? Ku riƙe shi, can jama'a suke. Sai dai rumfa ce a kasuwar wani: shi ke zaɓar wanda zai ga rubutunku, kuma yana iya rufe ta ba shawara. Ku wallafa a shafinku, ku kai adireshin can.

Aikin aji da na gida

Malami zai buɗe muku shafin gwaji, ya ba kowa matsayin mai ba da gudummawa. Ku zauna bibbiyu. Kowa ya rubuta sanarwa ta gaske daga sana'arsa ko ƙungiyarsa, kada ta wuce jimla biyar, da kanun da ke faɗin labarin. Abokin zamanka ya karanta, ya gaya maka abin da ya fahimta kafin ka miƙa wa malami ya wallafa. Bayan haka ku tattauna: jadawalin lokutan buɗe shago, feji ne ko fos? Ta'aziyyar rasuwar wani mamba fa?

A gida, wanda ke da shafi, ko wurin aikinsa ke da shi, ya je wurin wanda ya gina shi cikin mutunci ya samo amsar tambaya huɗu: da sunan wa aka yi rajistar domen, wace rana wa'adinsa zai cika, su wa ke da matsayin admin, kuma ina kwafin ƙarshe yake. Wanda ba shi da shafi ya rubuta a littafinsa feji huɗu da zai fara da su in ya samu, da sunan wanda zai ba matsayin edita. A zo da amsoshin a rubuce ranar darasi na gaba.